Maganin Yaya Habu da Baƙin Kaka

Tun da muka dawo daga Damagaram ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Sani ya tare ni a ƙofar aji, Illa ya biyo ni har bayan gida yana tambaya ta saman katanga, wai da gaske ne na ga gidan da aka ɗora a kan gida har sau huɗu. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda ya ɗiga wa takardar nan miya, ni da shi ne.

Ba yawo muka je ba, yayana Habu muka kai asibiti. Duk wanda ya san ƙauyenmu, can bayan Gangara, ya san shi: dogon nan da in ya yi wa shanunsa kira daga bakin rijiya, har na maƙwabta sai sun ɗago kai. Shekara uku ke nan da ciwo ya same shi. Yana jin muryoyi suna zancensa, mu ba ma jin komai. Wani lokaci ya ƙi abinci, wai an zuba masa wani abu, sai in Kaka ce ta ba shi da hannunta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yanka abin da aka ce a yanka, har garkensa ya koma shanu uku. Daga baya majo na Gangara, wato babban ma'aikacin jinya, ya ɗora shi a kan wasu ƙwayoyi masu araha. Ya samu sauƙi har ya koma kiwo. Bana kuma abin ya dawo.

Baba ya ce maganin ne ba shi da ƙarfi. "Araha ba ta ado," in ji shi. Wani dillali a Tanut ya gaya masa akwai sabon magani a Damagaram, irin na manya, mai tsadar gaske. Sai Baba ya kora shanun nan uku ya kai wa dillalin, ya ce ranar kasuwa ya sayar, kuɗin na sabon magani ne. A cikinsu har da Goje, jar saniyar da marigayi kakanmu ya ba Yaya Habu tun yana yaro. Ranar da aka tafi da su, Yaya ya zauna kusa da turken har rana ta faɗi.

Ga abin da Baba bai sani ba, ni kuma na sani. Kaka ce ke ajiye ƙwayoyin a cikin kwalla ƙarƙashin gadonta. Ta lura suna sa barci. Kun san Kaka, baƙo ba ya fita ɗakinta hannu biyu: in babu goro akwai cuku, in babu cuku akwai gyaɗa. To sai ƙwayar Yaya ta shiga layin. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ce kwana biyu bai runtsa ba, sai ta ƙulle masa guda a leda. Waɗanda ba su iya zuwa, ni ne ɗan aike, ladana kuma cuku. Na kai wa mai tebur ɗin bakin masallaci, ya yi barci a zaune har awaki suka cinye masa ƙuli-ƙuli suka fara leda. Na kai wa ladan, ranar nan zakaru ne kawai suka yi mana kiran asuba. Shi kuwa Yaya, yau rabi, gobe Kaka ta ce a huta.

Mu huɗu muka tafi. Baba don shi ne Baba, Yaya don shi ne mai ciwo, Kaka don Yaya ya ce ba ya shiga mota in babu ita, ni kuma don ni ne ɗan lakwal, ɗan boko mai karanta Faransanci. Da kasuwar Tanut saura kwana biyu.

Daga ƙauye zuwa Gangara a amalanke muka zo, wannan ba labari ba ne. A Gangara muka hau a-kori-kura. Ku da kuka san motar nan kun san ba ta taɓa cika. Ni dai na samu wuri tsakanin buhun gero da wani rago, ƙafata ɗaya kuma har muka isa Tanut ban san a hannun wa take ba. Kaka aka sa a gaba kusa da direba. Kafin mu yi nisa ta san sunan uwarsa, ta san yana da basir, ta kuma soma kwance bakin zanenta. Ta tagar baya na hango ta. Na buga rufin motar da ƙarfi har direba ya taka birki, duk muka kifa a kan ragon.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Kunama na gani," na ce.

Aka sauke buhu shida ana neman kunama. Na lallaɓa wajen Kaka na ce, "Tsohuwa, direba za ki ba maganin barci? In kin gaji da duniya ni ban gaji ba."

Ta harare ni. "Kai mijin banza, goro zan ba shi."

"In na ƙara ganin hannunki a bakin zanen nan, na sake ki saki uku."

"Sakar mini mara. Mijin da ko turmin atamfa bai taɓa saya ba."

Goron ne kuwa, na gani da idona. Amma ban yi nadama ba.

A Tanut, kafin mu shiga tasha, Baba ya biya da mu gidan dillalin. Shanun suna ɗaure a bayan gida. Goje ta ji muryar Yaya ta soma jan igiya. Dillalin yana ta lissafa wa Baba mutanen da suka taya, Yaya kuwa ya juya baya ya tsaya yana kallon bango. A nan cukun da ke aljihuna ya soma yi mini nauyi.

Muka shiga ƙaramar bas. Wani mai tallar magani ya shigo da mu, da jaka da lasifika, ko da yake duk motar ba ta kai ɗakin Kaka girma ba. Garinsa guda ɗaya yana maganin shawara, da ciwon baya, da mantuwa, da aljani namiji da mace. Wata mata ta tambaye shi ko yana maganin miji marowaci, ya ce sai dai a haɗa da na kwalba. Ya dubi Yaya, ya ga yana motsa baki shi kaɗai, ya matso ya ce da Baba, "Alhaji, wannan kwana bakwai ya ishe shi."

Kafin Baba ya buɗe baki Yaya ya ce, "Malam, irinka goma sha ne suka cinye mini shanu. Kai ka makara, saura uku, kuma an riga an yi musu miji."

Motar ta kwashe da dariya. Mai magani ya sauka a gari na gaba. Ni dai na daɗe ban ji Yaya ya yi magana mai tsawo haka ba, har na ji kamar in tashi in yi rawa, sai dai babu wurin tashi.

Wajen Bakin Birji na ga matatar mai daga nesa, da dogon bututu mai wuta a ka. Na ce da Kaka murhun mutanen Damagaram ke nan, a kansa suke tuwo. Ta ce shi ya sa ba su da albarkar itace.

Illa, ka tambaye ni ko mun ƙetare iyaka. Ba mu ƙetare ba, amma shingen jandarmomi na kusa da gari ya ishe ni iyaka. Aka ce kowa ya sauko da katinsa. Kaka ta miƙa nata, jandarma ya dubi hoton ya dube ta, ya ce wannan ai 'yarta ce. Ta ce, "Ni ce, yaro. Haƙoran ne suka riga ni tafiya." Yaya kuwa ya ƙi saukowa. Akwai rediyo a rataye a rumfarsu, ya ce sunansa ake kira a ciki. Ya riƙe kujera, gumi yana zuba. Fuskar Baba ta canza, ni kuma na soma jera Faransancin da ko malaminmu ba zai gane ba. Sai wani babba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya zo ya leƙa. Bai yi tsawa ba. Ya koma ya kashe rediyon, ya dawo ya ce, "Ɗan'uwa, na rufe musu baki. Zauna abinka." Ya duba katin ta taga. Da zai miƙa wa Baba ya ce a hankali, "Ƙanwata ma haka take. Kada ku bar shan magani, shi ke nan." Na sunkuyar da kai kamar da ni yake.

Mun sauka a gidan wani abokin cinikin Baba. Jama'a, mutanen Damagaram suna da abin mamaki. Ruwa a bango yake, ka murɗa ya zubo, babu guga babu jaki. Na murɗa na rufe ya fi sau talatin, har matar gidan ta tambayi Kaka ko ni ne mai ciwon. Makewayi kuma a cikin gida, daf da inda ake kwana, abin da Kaka ta ce ko a lahira ba za ta yarda da shi ba. Da yamma aka kawo mana ɗanyen ganye da tumatir da mai, wai salati. Baba ya ci don kunya. Kaka ta ce a gaya wa masu gida ita ba akuya ba ce, ta kwance furarta. Amma kilishinsu da alkaki, wannan ko maƙiyi ya yaba. Na ci alkaki har haƙorana suka soma gaisawa da juna. Fura kuwa tamu ta fi, tasu ruwa ce da aka nuna wa gero daga nesa.

Da safe muka hau adaidaita zuwa asibiti. Sani, gidan sama gaskiya ne, amma uku na ƙirga, na huɗun ƙari ne na Illa. A ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa na zaci zan tarar da ihu da sarƙoƙi. Sai na tarar da mutane a kan benci suna jiran layi kamar masu karɓar takardar haihuwa. Wani malamin makaranta ne, wata da jariri a baya, wani ma ɗinkin hula yake yi.

Da aka kira mu, likitar mace ce, kuma ba ta fi Yaya shekaru da yawa ba. Baba ya leƙa bayanta yana neman likitan. Ta gaishe shi da ladabi, ta gaida Kaka, sannan ta juya kujerarta wajen Yaya. Wannan ma baƙon abu ne. A gida in ana zancen ciwon Yaya, a kansa ake yi, ba da shi ba. Ta tambaye shi barcinsa, da abincinsa, da abin da muryoyin ke cewa, da sunan shanunsa. Ta ce sunan ciwon da Faransanci, ta sa na maimaita, harshena ya ƙulle sau biyu: sikizofireni. Ta ce ba aljani ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, ciwo ne mai son magani ba yankewa, kamar hawan jini.

Baba ya gyara zama. "Likita, mun gaji da na talakawa. Sabon nan mai tsada muke so. Na sa shanu a kasuwa."

"Akwai shi, Baba, kuma mai kyau ne," in ji ta. "Amma bari in ji yadda aka yi da na farko. Ana saye kowane wata?"

"Ban taɓa fashi ba."

Ta dubi Yaya. "Habu, kana sha kullum, yadda majo ya ce?"

Yaya ya dubi Kaka. Kallo ɗaya, gajere. Sannan ya ce, "Ina sha."

A nan na gane ya sani. Duk watannin nan ya san inda ƙwayoyinsa ke tafiya, kuma ya gwammace a sayar da Goje da ya kunyata tsohuwar da ke ba shi abinci a baki. Likita ta ɗauki biro ta ce to in an sha daidai bai yi ba, dole a canza. Ta soma rubutu. Na dubi sandar Baba da ke jingine a bango, na auna kaurinta da bayana. 

"Ba ya sha," na ce.

Kowa ya juyo.

"Rabi ake ba shi. Wani lokaci babu. Sauran ni nake kai wa mutane." Da na fara sai bakina ya ƙi tsayawa. Na faɗi mai tebur, na faɗi ladan, na faɗi matar maƙeri da wani Buzu mai raƙumi da ya kwana biyu a zaurenmu alhali ruwa kawai ya tsaya sha.

Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Inna, gaskiya ne?"

Kaka ta gyara lulluɓinta. "Gaskiya ne. Kai kana kasuwa, ni nake zaune da shi. In ya sha guda cikakke hannunsa rawa yake, wuyansa ya sandare, yawu yana zuba, saurayi kamarsa. In zuba ido? Na rage masa. Ragowar kuma, mutum ya zo ɗakina ya ce bai yi barci ba, abin yana ƙarƙashin gadona, in ce babu? Ban iya ba. Uwata ba ta koya mini ba." Ta dubi Yaya. "Ban san shi ne zai dawo masa da muryoyin ba."

Likita ta ajiye biro. Ta ce da Kaka abin da ta gani a jikin Yaya gaskiya ne, tsohon maganin yana yin haka, kuma da an gaya wa majo da ya gyara awon ko ya ƙara wata 'yar ƙwaya mai sake jiki. Amma ba wa wani, ta ce, wannan ganganci ne, ana iya rasa rai, musamman tsoho ko mai ciki. Ta sa Kaka ta yi alkawari. Ni ma ta sa ni, da wani kallo da har yanzu in na tuna sai na gyara zama.

Sannan ta shimfiɗa wa Baba zancen. Sabon maganin bai cika sandarar da jiki ba, amma shi ma da nasa, yana sa ƙiba, wani har ciwon sukari. Ba a samunsa a wajenmu, sai an zo Damagaram, ga kuɗin mota a kai. Ta ce, "Shanu uku za su riƙe shi wani lokaci. Ranar da suka ƙare fa? Ciwon yana nan, maganin babu, shanun babu. Kuma duk dawowar ciwo ta fi maganin shekara cin dukiya, kai ka fi ni sani." Ta ce akwai hanya ta uku: irin tsohon ne, amma allura, sau ɗaya a wata. Ta ɗan fi ƙwayar kuɗi, ba ta kusa da sabon ba, kuma majo zai iya yi a Gangara. Za a fara da kaɗan a gani. In an yi daidai bai karɓe shi ba, sai a yi zancen mai tsada da hujja.

Baba ya murza gemu. Na san abin da ke cinsa. Ya riga ya gaya wa duk ƙauye zai sayo wa ɗansa maganin manya.

Sai Yaya ya ce, "Baba, rijiyar Tudu ruwanta ya fi daɗi, amma tana ƙafewa kafin bazara. Ta Kwari da ɗan gishiri, ba ta taɓa ƙafewa. Kai ka koya mini inda ake kafa turke."

Baba ya dube shi ya daɗe. Ina jin ya shekara uku bai dube shi haka ba. Sannan ya ce, "A yi allurar."

"Ta kuma fi," na ce, don bakina ba ya jin magana. "Allura dai ba a ƙulle wa baƙo a leda."

"Wa ya gaya maka?" in ji Kaka tana share ido. Har likita sai da ta yi dariya.

Muna fitowa Baba ya ciro waya, sai ga ta a mace, kuma kasuwa gobe. Na karɓa na ruga. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, na tsallake mai lemo, na tsallake wani da ke alwala, na kusa shiga cikin adaidaita ta wannan ƙofa in fita ta waccan. Na samu mai cajin waya a bakin titi, na tsaya a kansa ina haki har ta farfaɗo. Baba ya iso ya kira. Ina jin muryar dillalin tana fita kamar ana yanka shi, wai ya riga ya yi magana da mai saye, wai ana zubar masa da mutunci. Baba ya bar shi ya gama, ya ce, "Kwance su. Jibi muna tafe."

Sandar ba ta taɓa ni ba, in kuna jira ku ji. Hukuncin da Baba ya yanke ya fi sanda. Ya sa na bi gida-gida, ni da Kaka, muna ba da haƙuri muna cewa kantin barci ya rufe, mai rashin barci ya je wajen majo. Ladan ya ce dama ya yi zargi, don tun da yake bai taɓa mafarkin yana kiran salla alhali yana kwance ba.

Yanzu an yi wa Yaya allura ta uku. Ni nake raka shi a kan babur ɗin maƙwabcinmu. Bai warke ba, kada wani ya je ya ce na ce. Hannunsa yana ɗan rawa da safe, majo yana lura da shi. Na tambaye shi muryoyin fa, ya ce suna nan, amma kamar hayaniyar kasuwa ce in kana bayan gari.

Abin da na fi so in ba ku shi na bari a ƙarshe. Ranar da muka dawo Tanut, dillalin ya fito yana kumbure-kumbure, ya ce sai an nemo yaran da za su kora shanun zuwa ƙauye. Yaya ya ce ba sai an nemo kowa ba. Ya tsaya a ƙofar gidan, ya sa hannu a kunne, ya yi kiran nan nasa. Goje ta fizge igiyar daga hannun dillalin, ta ture masa buta, ta fito, sauran biyun suna bin ta.

Baba ya dubi sandar da ke hannunsa, wadda na kwana biyu ina auna ta da bayana. Ya miƙa wa Yaya.

"Ku yi gaba," ya ce. "Ni da Inna za mu biyo mota."

A ƙasa muka tafi, ni da shi da shanu uku. Ƙafata ta yi kwana huɗu ba ta shiga takalmi ba, kuma duk wanda ya ce in sake, gobe ma sai in sake.